Babi na 7: Motar da Aka Ɗaga wa Baya

Duk motar hayar da ke bin hanyoyin ƙasar Gobir tsayi biyu gare ta. Akwai tsayinta na asuba, lokacin da take tsaye a tashar Sabon Birni ko ta Isa ba kowa a ciki: hanci a ƙasa, baya a sama, kamar kazar da ke tsintar tsaba, har mutum ya iya zura hannu zuwa gwiwa tsakanin tayar baya da madigadi. Akwai kuma tsayinta na hantsi, bayan kamasho ya gama lodi, an aza buhunan gero da na albasa, an ɗaure awaki, fasinja sun matsu. A lokacin ne take daidaita, gaba da baya su zo ɗaya. Baƙon da ya ga tsayin asuba yakan ɗauka wani abu ya lalace. Ba abin da ya lalace. Da gangan aka mai da ita haka, kuma kuɗi mai motar ya biya.

Dalilin yana shimfiɗe a ƙasa. Kwalta ta taso daga Sakkwato ta bi Achida da Goronyo ta iso Sabon Birni, daga nan hanya ta gangara Isa ta wuce Shinkafi da Ƙauran Namoda. Amma wanda zai shiga ƙauyukan bakin iyaka irin su Burkusuma, ko ya tsallaka wajen dangi a Gidan Rumji da Tsibiri ta ƙasar Maraɗi, yawanci sai ya rabu da kwalta a wani wuri. Da rani rairayi ne mai haɗiye taya. Da damina laka ce ta fadamun Rima da Bunsuru. A lokutan biyu manyan motoci sukan riga kowa wucewa, su haƙa kwari biyu masu zurfi su bar tudu a tsakiya. Wannan tudun shi ne abokin gabar ƙaramar mota: shi ke tsinke salansa, shi ke huda tankin mai, shi ke ɗaga cikin mota ya bar tayoyinta suna juyawa a banza.

Motar da ta koya wa makanikan yankin wannan sana'a ita ce Peugeot, wadda a tasha ba a san ta da wani suna ba sai Fijo. Samfurin 404 ya fito a 1960, 504 kuma a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot ta PAN a Kakuri, Kaduna, kuma shekaru da dama jiragen sama ne ke kwaso sassan motocin daga Liyon ta Faransa su sauke a Kano, sannan a ɗauke su zuwa Kaduna a haɗa. A shekarar ce kuma 504 ta lashe tseren Safari na Kenya da na Maroko da na Bandama a Kwaddibuwa, duka uku a kan hanyoyin da ba su fi na ƙasar Gobir kyau ba. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Motar gwamna ce, motar alhaji ce, daga baya ta koma motar tasha, kuma a wannan zango na ƙarshe ne aka fi taɓa mata baya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne 504 suna ɗaya ne a kan ƙira uku. Salun ta ainihi kowace tayar baya da hannunta, kowace tana hawa da sauka ita kaɗai a kan sifirin mai murɗe, wanda makanikai ke kira koyil. Wagon mai layin kujeru uku, wadda tazarar tayoyinta ta kai mita 2.90 maimakon 2.74 na salun, aksil ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyinta, a kan koyil huɗu, biyu kowane gefe. A-kori-kura kuwa, wadda ta fito a 1979 ta gaji ta 404, fallayen ƙarfe aka jera mata bisa juna irin na babbar mota. Saboda haka tambayar "yaya ake ɗaga bayan Fijo" ba ta da amsa ɗaya, sai an fara leƙa ƙarƙashi.

A a-kori-kura aikin ya fi fitowa fili. Direba yakan shigo gareji ya ce, "Maigida, motag ga ta kwanta, a tashe min ita." Makaniken da ya san aikinsa ba ya taɓa sifana kafin ya yi tambaya ɗaya: "Buhu nawa kaka aza mata?" Amsar ce za ta yanke komai, domin kamfani ya ƙera motar ne don ta ɗauki tan ɗaya da 'yan kai, shi kuwa buhun gero kilo 100 ne, kuma ba abin mamaki ba ne ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi a ga an jera mata 20, yaron mota yana zaune a bisa.

Sai a sa jak a ɗaga bodi, a tokare shasi da kututture, a bar aksil yana reto. Yaro ya shiga ƙarƙashi da dogon bututu a bakin sifana, saboda notocin ƙarafan nan biyu masu lanƙwasa da suka rungumi aksil da sifirin sun sha laka da tsatsa, ba sa motsi sai an jiƙa su da baƙin mai. Idan sifirin ya sauko ƙasa, a matse shi, a kwance ƙusar tsakiya da ta tsire fallayen duka, su warwatse a kan tabarma daga dogo zuwa gajere. A nan maigida ke durƙusawa. Yana goge kowane falle da tsumma, yana bin sa da babban yatsa, musamman kewayen hudar tsakiya, don a nan tsagewa ke fara ɓoyewa. Wani yakan rataye falle ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya saurara: lafiyayye yana da amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Fallen da za a ƙara, wanda galibi daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya fito, a jikin wata motar da ta mutu, ana yanka shi ne ya faɗa tsakanin na sama da na ƙasa da shi a tsawo, a dasashe bakinsa don kada ya ci maƙwabcinsa, a huda tsakiya, a shafa giris, a mayar. Tunda jerin ya yi kauri, dole a sake ƙusar tsakiya da ƙarafan runguma da waɗanda suka fi tsawo. Mai son sauƙi yakan mai da tsofaffin, noti ya kama da zare biyu ko uku kawai. Irin wannan motar ce wata rana aksil ɗinta ke zamewa baya a gefe ɗaya, a gan ta tana tafiya a karkace.

Lissafin fallen yana da ban mamaki. Idan fallaye bakwai ne aka ƙara biyu irinsu, taurin ya ƙaru da sama da kashi ɗaya cikin huɗu, wannan kowa zai iya hasashensa. Kauri ne ke yaudara. Fallen da ya ninka wani a kauri ba sau biyu ya fi shi tauri ba, sau takwas ne. Shi ya sa falle guda na motar ɗaukar kaya Canter da aka cusa cikin sifirin ƙaramar mota ke mai da ita amalanke: ba ta lanƙwasa ko kaɗan, duk bugun da hanya ta yi sai ya wuce kai tsaye ya sauka a kan shasi da kunnuwan da ke riƙe da sifirin, kuma mai walda ne zai ci ribar abin nan gaba.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi tsufa, kuma a ganin mai wannan littafi ta fi nuna gwaninta. Sifirin da ya gaji baka ne da ya miƙe, sai a mai da masa lanƙwasarsa. Ana zana siffar babban falle da alli a ƙasa, a aza shi a kan guntun ƙarfen dogo ko tsohon wili, a bi shi da babbar guduma daga tsakiya zuwa baki, bugu bayan bugu a tazara ɗaya, ana yi ana gwadawa da zanen alli, har ya ƙaru da yatsa biyu ko uku. Sannan a bi sauran fallayen su dace da shi, a kuma tabbatar gefen dama ya yi daidai da na hagu. Da sanyinsa ake wannan aikin. Mai gaggawa yakan kai falle wajen wutar walda ya gasa shi ya yi ja, ya lanƙwasa shi cikin minti biyar. A ido ya yi kyau. Sai dai wutar ta kashe ƙarfin da masana'anta ta ba ƙarfen, ko dai ya sake kwanciya bayan kasuwa biyu, ko ya karye daidai inda aka gasa.

Hanya ta uku ita ce tsawaita 'yan ƙarafan lilo da ke riƙe da ƙarshen sifirin ta baya. Ita ce mafi araha, kuma rabin abin da aka ƙara kawai take bayarwa, tunda aksil a tsakiyar sifirin yake: a ƙara santimita shida, mota ta tashi uku.

Yau a-kori-kura ta Fijo ta yi ƙaranci. Motar da ta gaje ta a hanyoyin Sakkwato da Zamfara ita ce Golf ta uku, wadda Volkswagen ta fara ƙerawa a 1991 don iyalin Bajamushe mai 'ya'ya biyu. Ba ta da falle, koyil ɗaya ne kowane gefe, don haka dabarar ta sauya. Wasu suna cire nata su sa na motar da ta fi ta nauyi. Wasu suna sa zoben ƙarfe ko na roba a ƙarƙashin koyil, wanda ke ɗaga mota ba tare da ya ƙara mata tauri ba. Mafi yawa kuwa wajen mai faci suke zuwa, a yanko tsohuwar taya a cusa tsakanin murɗe-murɗen a ɗaure da igiyar roba. Kowane murɗen da aka toshe ya daina aiki, ragowar su ɗauki nauyin duka, sai koyil ya yi tauri, tafiyarsa kuma ta gajarta. Haka wagon ɗin 504 ta sha a zamaninta, sai dai ita tana da huɗu da za su raba wahalar.

Wanda ya taɓa gyaran tsohuwar Beetle, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, ya san wata ƙira dabam wadda ba falle ba koyil. Sandar ƙarfe ce a kwance, nauyin mota yana murɗa ta, ita kuma tana turjewa. Bakinta na ciki haƙora 40 gare shi, na waje 44. Idan aka juya haƙori ɗaya na ciki an motsa digiri tara, na waje kuwa takwas da 'yan kai. A juya ɗaya gaba ɗaya baya, sai a sami bambancin da bai kai digiri ɗaya ba, wato 'yan milimitoci a tsayin mota. Injiniyoyin sun san za a buƙaci gyara tsayin, sai suka bar ƙofa. Peugeot 405 da 306 ma sanduna ne a bayansu. Citroën kuwa ta ba direban motarta DS ɗan hannu kusa da ƙafarsa, ya ja mota ta tashi, ya sake ta sauka. Da irinta ta yi arhan gyara, da rabin wannan babi bai samu ba.

Yanzu ga inda hira ke ɗaci. Sifirin bodi kawai yake ɗagawa. A motar da ke da miƙaƙƙen aksil, tulun giyar da ke tsakiyarsa yana nan inda yake, ko an ƙara falle goma, domin a kan tayoyi yake zaune. Salansa da tanki sun tsira daga tudun tsakiya, shi bai tsira ba, sai an sa taya mai tsayi. A salun kuma, inda tulun ke manne da jikin mota, yana tashi tare da ita, amma tayoyin sai su tsaya a karkace, ƙasansu ya shige ciki, su riƙa cinyewa ta gefen waje, sandunan da ke juya su kuma suna aiki a lanƙwashe. Shakazoba ma tana da iyakar miƙewa. Idan mota ta tashi fiye da kima, duk ramin da aka faɗa sai an ji ƙwas daga baya, har ranar da kunnenta zai tsinke. Tiyon birki na roba da ke saukowa daga bodi zuwa aksil shi ma ba a yi shi da rara mai yawa ba, kuma shi ba ya yin ƙara kafin ya yanke.

Nauyin kuma bai je ko'ina ba. A gefen kowace taya akwai lamba da ba a cika karantawa ba. Tayar Golf da aka rubuta wa 82 kilo 475 aka yarda ta ɗauka, biyun baya 950 ke nan, har da nauyin motar kanta. Tayar a-kori-kura mai lamba 102 tana ɗaukar 850. Sannan a dubi yadda ake loda Golf: a buɗe but a bar murfin a sama, kaya su fito waje a ɗaure da igiya. Tazarar tayoyinta ba ta kai mita biyu da rabi ba. Buhu mai kilo 100 da ya zauna mita ɗaya bayan aksil yana danna tayoyin baya da kusan 140, ya kuma sauke wa na gaba 40. A motar da tayoyin gaba ne ke ja, su ne ke juya ta, su ne kuma ke yin mafi yawan birki, buhu uku a can baya sun isa su sa sitiyari ya yi sakwaf a hannu.

Mafi ɓoyuwa duka shi ne wani ɗan ƙarfe da ke maƙale kusa da aksil a 504 da kuma Golf da yawa, da siririn sifirin ko sanda da ta haɗa shi da ƙafar mota. Aikinsa auna nauyi. Idan baya ya sauka, ya gane an yi lodi, sai ya buɗe wa man birki hanya zuwa tayoyin baya. Idan baya ya tashi, ya ɗauka mota ba kowa, sai ya rage, don kada tayoyin su kulle mota ta juya. To an ɗaga baya, an ƙara tauri. Motar tana ɗauke da tan guda amma tsayinta na marar kaya ne, wannan ƙarfe kuwa tsayi kawai ya sani. Sai ya hana birkin baya ƙarfi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, na gaba su yi ta ɗaukar zafi har su saki. Gyaran ba shi da wuya, a sake saita sandar ta dace da sabon tsayi. Abin takaici, a gareji da yawa ba a san amfaninsa ba, idan ya fara yoyo sai a cire shi a haɗa bututun kai tsaye. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna iya ganin lodin da ya wuce kima daga nesa, amma rashin wannan ƙarfe sai wanda ya kwanta a ƙarƙashin mota.

Tsayin baya yana da wani amfani da ba a faɗa da ƙarfi. Motar da ba ta kwanta ba, ba ta tona asirin abin da ke cikinta. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, shinkafa da fetur ba su daina neman hanya ba, kuma idon mai tsaron shinge a kan tazarar taya da madigadi yake fara sauka. Wannan dabara ba a Gobir aka ƙirƙiro ta ba. Masu safarar barasa ta ɓoye a jihohin kudu na ƙasar Amurka sun yi ta ƙara fallaye a bayan motocinsu na Ford saboda wannan dalili, kuma daga cikinsu aka sami wasu direbobin farko na tseren NASCAR da aka kafa a 1948.

A gabashin Sakkwato kuwa maganar ta wuce ta riba. Tun wajen 2019 da 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka tsallaka Maraɗi gudun hijira, direba ya koyi cewa akwai wuraren da ba a tsayawa. A Satumbar 2021 aka kai hari sansanin jami'an tsaro na Burkusuma, kuma a watan ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Motar da cikinta ya hau tudu a daji a wannan lokaci ba ta da wanda za ta kira. Wannan ya sa ake son mota mai tsayi, ya kuma sa ake gudu da ita, alhali tsayi da gudu ba sa shiri: duk santimitar da aka ƙara ta ɗaga nauyi sama, ga kaya a kan rufi, ga kwana a cikin rairayi. Ba wanda zai zargi direban da ya taka mota a inda ya san ana tare hanya. Makanikensa ne ya kamata ya yi masa lissafin tun a gareji.

Masu yin lissafin suna nan, kuma ana gane su da yadda suke awo. Ba sa auna mota a kan gangare, ba sa auna ta da taya a sace. Sukan nemi daɓe mai kyau, su daidaita iska, su girgiza motar ta zauna, sannan su ɗauki awo daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, dama da hagu, don girman taya kada ya shiga lissafi. Wanda ba shi da tef yakan yi da karan dawa ya yi masa alama da wuƙa. Sai su sa a aza kayan da direba ya ce yana ɗauka, ko a tara yaran gareji su hau, a sake awo. Abin da suke nema shi ne a cikin lodi mota ta daidaita, kuma a sami yatsu uku ko huɗu tsakanin aksil da robar da ke tare shi, domin sifirin ya sami wurin aiki idan an faɗa rami. Notocin bushin ba sa ɗaure su sai mota tana tsaye a kan ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage. Suna duba tiyon birki da mota a ɗage, su saita sandar nan mai auna nauyi, su juya motar ta fuskanci bango da magariba a gyara fitilu, tunda baya ya tashi haske ya faɗi gaban bamba. A ƙarshe sukan ce wa direba ya dawo bayan kasuwar Goronyo ta Lahadi, saboda sababbin fallaye suna zama da juna bayan lodin farko, notocin da aka ɗaure tam kuma a same su sun saki rabin juyi.